Yadda Za Ka Tallafa wa Buɗaɗɗen Katin Hoto Maimakon Dogaro da Rufaffen Direba

Duk wanda ya taɓa sabunta Linux a kan tsohuwar kwamfuta, ya sake kunna ta ya tarar da allo baƙi ƙirin, babu komai sai ɗan layi fari yana ƙiftawa a kusurwar hagu ta sama, ya ɗanɗana abin da rufaffen direba yake jawowa. Direba shi ne manhajar da ke yin tafinta tsakanin tsarin kwamfuta da katin hoto, wato ɓangaren da ke fitar da hoto a kan allo, kuma idan kamfani ya ɓoye yadda aka rubuta shi, to ranar da ya daina kula da katin babu wanda zai iya gyara shi. Lamarin ya fi shafar mu masu sayen kwamfuta ta hannu, wadda ta sha aiki shekara biyar ko shida a wata ƙasa kafin ta iso kasuwarmu.

Ka fara da sanin abin da ke hannunka. Ka buɗe tagar umarni ka rubuta lspci -k, ka nemo layin da ke ɗauke da VGA, za ka ga sunan katin da direban da yake aiki a ƙarƙashinsa. Idan ka ga i915 ko xe ko amdgpu ko radeon ko nouveau, kana kan buɗaɗɗen direba. Idan ka ga nvidia, direban kamfanin Nvidia ne.

Babban tallafin da mutum yake bayarwa yana faruwa ne ranar saye, domin kamfani ba ya jin wani yare kamar na ciniki. Intel ta daɗe tana rubuta direbobinta a fili cikin Linux kanta. AMD ta fara sakin takardun bayanin katunanta a 2007, sannan direban amdgpu ya shiga Linux 4.2 a 2015. Amfanin wannan a bayyane yake: katin Radeon HD 5000 da ya fito a 2009 har yanzu yana aiki da direban r600 na Mesa, tarin manhajar hoto da Brian Paul ya fara a 1993, alhali tsofaffin katunan Nvidia na jerin Kepler sun tsaya a kan direba mai lamba 470, ba su wuce nan ba. Masu aikin Nouveau, buɗaɗɗen direban katunan Nvidia, sun yi shekaru suna binciken katunan Nvidia ba tare da takardu ba, amma daga jerin GTX 900 katin ya daina karɓar manhajar ciki, wato wadda ke aiki a cikin katin kansa, sai wadda kamfanin ya sa wa hannu, shi ya sa Nouveau ya kasa tafiyar da waɗannan katunan da cikakken gudunsu. A watan Mayun 2022 Nvidia ta buɗe ɓangaren direbanta da ke shiga zuciyar Linux, ga katunanta na jerin Turing zuwa sama, sai dai ɓangaren da ke tafiyar da OpenGL da Vulkan (hanyoyin da manhajoji ke bi su zana hoto) da CUDA (hanyar Nvidia ta yin manyan lissafi da katin) yana nan a rufe. Wannan giɓin ne NVK, buɗaɗɗen direban katunan Nvidia da ya shiga Mesa a 2023, yake ƙoƙarin cikewa ta fuskar Vulkan.

A ganina, wanda sana'arsa ta dogara da CUDA ba abin zargi ba ne idan ya sayi abin da aikinsa yake buƙata. Amma ɗalibi da ma'aikacin ofis da mai shagon buga takardu ba su da wannan uzuri, domin katin Intel ko AMD zai ishe su.

Akwai kuma bambancin da ya kamata a kiyaye, wato buɗaɗɗen direba daban, buɗaɗɗen kati daban. Ko sababbin katunan AMD da na Intel suna buƙatar rufaffiyar manhajar ciki, kuma zanen ƙwaƙwalwar katin sirrin kamfani ne. Timothy Miller ya kafa Open Graphics Project a 2004 don samar da katin da komai nasa a buɗe yake, har suka ƙera allon gwaji mai suna OGD1, amma tsadar ƙira ta hana aikin kaiwa ga kasuwa. Daga baya irin wannan ƙoƙari ya ci gaba a jami'o'in Amurka, kamar MIAOW na Jami'ar Wisconsin da Vortex na Georgia Tech, wanda aka gina kan RISC-V, buɗaɗɗen tsarin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ɗalibin injiniyan lantarki zai iya sauke zanen Vortex ya karanta, ya gwada shi a kwamfutarsa ko a kan allon FPGA, wato allon lantarki da ake iya sake tsara aikinsa.

Wanda bai iya rubuta manhaja ba ma yana da rawar takawa, kuma ita ce aka fi yin sakaci da ita. Idan hoto ya karye ko allo ya daskare, kada ka tsaya ga ƙorafi. Ka kai rahoto shafin GitLab na freedesktop.org, inda ake kula da Mesa, bayan ka duba ko wani ya riga ka. Ka rubuta sunan katin daidai yadda lspci ya nuna, da lambar Mesa da ta Linux da kake amfani da su, ka haɗa da saƙonnin Linux da umarnin dmesg ya fitar, ka kuma faɗi abin da ka yi mataki-mataki har matsalar ta bayyana. Idan ka san lambar Mesa ta ƙarshe da komai yake lafiya a kanta, ka ambace ta, domin ita ce take taƙaita wa mai gyara bincike. Sau da yawa masu gyaran ba su da irin tsohon katin da ke kan teburinka, saboda haka idan suka aiko da gyara suka ce ka gwada, ka gwada ka koma musu da amsa.

Idan kuma kai ne aka ɗora wa sayen kwamfutoci na makaranta ko ofis, ka rubuta a cikin sharuɗɗan saye cewa dole katin hoton ya yi aiki da direban da ke cikin Linux da Mesa. Ka tafi wurin dillali da filashi mai ɗauke da Linux irin Fedora ko Debian, ka kunna kwamfutar daga kansa, ka duba lspci -k kafin ka biya kuɗi.