Yadda nake tace labarin Gaza kafin in yarda da shi

A nan Shara Mansur cikin Makka, shagunan ɗinki da yawa akwai talabijin a kunne, wani Al Jazeera, wani Al Arabiya. Hari ɗaya ne aka kai Gaza, amma in ka zauna shago biyu sai ka rantse yaƙi biyu ake yi.

Ni abin da nake fara dubawa shi ne wa ke biyan albashin mai karanta labarin. Gwamnatin Katar ce ke ɗaukar nauyin Al Jazeera, kuma a Doha ofishin siyasa na Hamas ya zauna tun 2012. Al Arabiya ta Saudiyya ce, ba ta jituwa da Hamas. Ba wai ƙarya suke shirgawa ba, kowa dai da inda yake haska fitilarsa.

Sai ka kasa kunne ka ji "in ji wa". Da yaƙin ya ɓarke a Oktoban 2023, Isra'ila ta hana 'yan jaridar waje shiga Gaza sai da rakiyar soja. Saboda haka labari daga bakin uku yake fitowa: 'yan jaridar Falasɗinawa da ke ciki, kakakin sojan Isra'ila, da Ma'aikatar Lafiya ta Gaza. Alƙaluman ma'aikatar ba sa raba mayaƙi da farar hula, amma hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na aiki da su. In soja ya ce "sansanin 'yan bindiga" ya buga, nemi shaidar da ya nuna.

Labarin ranar farko kuwa, riƙe shi sako-sako. Da aka harbe 'yar jaridar Al Jazeera Shireen Abu Akleh a garin Jenin na Yammacin Kogin Jordan ranar 11 ga Mayun 2022, jami'an Isra'ila sun fara ɗora laifin kan Falasɗinawa. Sai a Satumba rundunar sojan Isra'ila ta ce da alama sojanta ne. Fashewar asibitin Al-Ahli na Gaza ranar 17 ga Oktoban 2023 kuma, nan take aka ce Isra'ila ce, daga baya ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce ya fi kama da roka irin ta ƙungiyoyin Falasɗinawa. Wannan na biyun bai yi wa mutanenmu daɗi ba, na sani, amma haka binciken ya nuna.

Duba kuma daga ina aka ɗauko labarin. Wanda ya fara daga harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023 ya tsallake korar Falasɗinawa ta 1948, da mamayar 1967, da killace Gaza tun 2007, ya rage maka awo. Haka ma wanda ya ƙi ambaton kimanin mutum 1,200 da aka kashe a Isra'ila ranar.

Bidiyon WhatsApp ne ya fi wahalar da mu. Kafin ka tura, ɗauki hoton allon ka sa a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa; an sha yaɗa tsofaffin bidiyon Siriya da sunan Gaza. Ka kuma tuna inda kake zaune, Alhaji: ƙasar nan tana da dokar laifukan intanet tun 2007, ba kowane saƙo ake turawa ba.