Daga aji zuwa koyar da kwastomomin kamfani: ta ina za ka fara?

Malam, in albashin koyarwa ya daina kai ka ƙarshen wata har kana tunanin canza layi, akwai aikin da rabinshi ka riga ka iya, wato koya ma kwastomomin kamfani yadda za su yi aiki da kayan da suka saya. Kamfanonin POS irin su Moniepoint da OPay, bankuna, masu saida sola, masu manhajar makarantu, duk suna buƙatar mai iya zama da mutane ya yi masu bayani da Hausa har su gane.

Amma fa ɗan kasuwa ba ɗalibi ba ne. Mai shago a babbar kasuwar Katsina ba zai ba ka minti 40 kana gabatar da darasi ba ga mai saye tsaye gabanshi, shi dai nuna mashi in an cire kuɗin mutum risit bai fito ba ina zai danna, wa zai kira, shi ke nan. Ba bulala ba jarabawa, kana gundurar shi zai ce to Malam sai an jima. Kamfanin ma ba ruwanshi da ka gama silabus, abin da yake dubawa ƙorafi ya ragu kuma ana amfani da kayan.

Don haka zaɓi kaya ɗaya ka laƙance shi sosai, ka sa ƙanenka ya ɗauke ka bidiyon minti 3 da waya kana koyar da abu guda, ɗaya da Hausa ɗaya da Turanci. Wannan bidiyon ni a ganina ya fi tarin satifiket tasiri wajen intabiyu.

CV ɗinka ma gyara shi. Maimakon "na koyar da JSS 2" kawai, rubuta bitar da ka taɓa shirya ma malamai, taron PTA da ka jagoranta, mutum nawa, me ya canza bayan nan. Koyi PowerPoint da Zoom da ɗan Excel saboda rahoto, ka buɗe LinkedIn, ka riƙa leƙa Jobberman, shafukan da ake tallata guraben aiki a intanet. In da hali nemi shaidar horarwa ta NITAD ko CMD, wato cibiyoyin da ke ba masu horar da ma'aikata satifiket a Najeriya, amma kar ka ci bashi a kanta.

Kuma don Allah kar ka ajiye aikin gwamnati sai takardar ɗauka ta shigo hannunka. Galibi aikin koyar da kwastomomi kwantiragi ne, ga yawo, yau Daura gobe Funtua, to ka tambaya tun farko wa ke biyan kuɗin mota da masauki. Fara gwadawa a dogon hutu tukuna.