Yadda za ka kare NIN da BVN ɗin ma'aikata a fayil ɗin ofis

Kwanaki na sayi ƙosai a bakin titi, ina warware takardar da aka naɗo min sai ga fom ɗin wani bawan Allah, hotonsa da NIN da BVN da lambar waya, mai ya jiƙa takardar amma komai na karantuwa sarai. Wallahi jikina ya yi sanyi, don daga wani ofis ta fito, wani ne ya kwashi tsofaffin fayil ya sayar. To in kai ke riƙe da takardun ma'aikata, sakatare ne kai ko akawu, ga yadda za ka yi.

Da farko zauna ka gano ina da ina bayanan suke. Ba kabad kaɗai ba fa, har kwamfuta da filashi da imel, uwa uba wayarka, don yawancinmu ta WhatsApp ake turo mana hoton silif ɗin NIN kuma yana nan zaune shekara da shekaru yara na wasa da wayar. Mayar da shi inda ya dace ka goge na wayar.

Abin da aiki bai buƙata ba kar ma ka karɓa.

Na takarda a kabad mai makulli, makullin a hannun mutum ɗaya ko biyu, duk wanda ya ɗau fayil ya sa hannu a littafi ko da oga ne. Na Excel kuma shiga File, sai Info, sai Protect Workbook, ka zaɓi Encrypt with Password. Kar ka haɗa fasuwod da fayil a saƙo ɗaya, kira mutumin ka faɗa masa da baki. In za ka tashi, ko alwala ce kawai, danna maɓallin Windows da L tare, allon zai kulle.

Shagon fotokwafi ma a kula. Da yawa in sun yi sikanin sai su bar shi a kwamfutarsu, ka tsaya a kan yaron ya goge a gabanka har cikin Recycle Bin, kwafin da ya lalace kuma ka taho da abinka.

Takardun da aka gama da su, bayan oga ya amince, a sa a injin yayyaga takarda, in babu a ƙona, kuma ka tsaya har su zama toka, kar ka ba masinja ka juya baya.

In kuma tsautsayi ya faɗa, fayil ya ɓace ko an sace laftof, kar ka ɓoye don tsoron faɗa. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ce in abin zai iya cutar da mutane a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, cikin awa 72. Su ma masu bayanan a gaya musu da wuri, su san duk wanda ya kira da sunan banki yana karanto musu BVN ɗinsu yana neman lambar OTP, wato lambar sirrin da banki ke turowa a waya, ɗan damfara ne.