Yadda ake tashin ɗan haya bisa ƙa'ida a Zamfara

A Gusau, inda neman gidan haya ya ƙaru saboda mutanen da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu, rigimar mai gida da ɗan haya takan fara ne daga wuri guda: mai gida ya ɗauka cewa tunda gidan nasa ne, yana da ikon fitar da wanda ke ciki duk ranar da ya ga dama. Doka ba ta ba shi wannan ikon ba. Cire ƙofa, kwashe kwanon rufi, yanke wuta, sauya kwaɗo ko turo matasa su watso kaya waje, duka suna iya mayar da mai gida wanda ake ƙara, ko da kuwa yana bin ɗan hayar kuɗin shekara biyu.

Abu na farko shi ne a duba yarjejeniyar da aka yi tun wajen shiga. Idan an rubuta tsawon wa'adin da za a bayar kafin tashi, wannan shi za a bi. Idan ba a rubuta ba, ko kuma da baki aka yi cinikin a gaban dillali kamar yadda aka fi yi, sai a koma ga ƙa'idar da aka saba bi a dokokin karɓar gida na Najeriya: mai haya ta mako yana da notis na mako guda, mai haya ta wata yana da wata guda, mai ta wata uku yana da wata uku, mai haya ta shekara kuwa wata shida.

A nan ne masu gidaje da yawa suke tuntuɓe. Takardar notis ta ƙunshi sunan ɗan haya, bayanin gidan ko shagon, irin hayar, da ranar da ake so a miƙa makulli, sannan mai gida ko lauyansa ko wakilin da ya ba izini a rubuce ya sa hannu. Ga mai hayar shekara, abin da ya fi aminci shi ne wata shidan su ƙare daidai da cikar shekarar hayar. Wanda hayarsa ta fara ranar 1 ga Janairu, alal misali, ya kamata takarda ta isa hannunsa kafin ƙarshen Yuni. A miƙa ta hannu da hannu a gaban shaida, a kuma ajiye kwafi, domin saƙon baki ta hannun yaro ba ya tsayawa a gaban alƙali.

Idan wa'adi ya cika ɗan haya bai tashi ba, sai a ba shi takarda ta biyu ta kwana bakwai, wadda ke sanar da shi cewa mai gida zai je kotu. Wanda aka yi da shi hayar ƙayyadadden lokaci kuma lokacin ya cika, wannan ta biyun kaɗai ake ba shi.

A ganina, kafin a kai ga kotu ya kamata a gwada sulhu a gaban mai unguwa, liman ko Hisba, domin sau da yawa abin da ɗan haya ke nema bai wuce ƙarin wata ɗaya ko biyu ba. Sai dai a sani cewa waɗannan masu sasantawa ne. Ba su da hurumin fitar da kowa da ƙarfi, haka ma 'yan sanda. Abin da aka amince da shi a rubuta shi.

Idan sulhu ya ci tura, sai a shigar da ƙara. Tun da Zamfara ta fara aiki da shari'ar Musulunci a 2000, Musulmi da dama kotun shari'a suke kai irin wannan magana, inda ake duba ta a ƙarƙashin hukuncin ijara, wato ƙa'idojin haya a Musulunci. Akwai kuma kotunan da ke aiki da dokar jiha, kuma magatakarda ko lauya zai faɗi wadda ke da hurumi. Mai gida yana iya haɗa buƙatar karɓar gidansa da bashin haya da kuɗin zaman da aka yi bayan ƙarewar wa'adi.

Ɗan hayar da aka kawo wa sammaci kada ya ƙi zuwa, domin ana iya yanke hukunci a bayan idonsa. Ya tafi da rasit ɗinsa, shaidar tura kuɗi ta banki, da lissafin duk gyaran da ya yi da yardar mai gida. Yana da damar nuna cewa wa'adin bai cika ba, ko ya roƙi a ba shi lokaci. Amma kada ya dogara ga kuskuren da ke cikin takardar notis kawai, domin a shari'ar Pillars da Desbordes a 2021 Kotun Ƙoli ta nuna cewa ba ta goyon bayan masu fakewa da irin wannan don su ci gaba da zama. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya neman hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya.

Ko bayan hukunci, ma'aikatan kotu ne ke zartar da shi da takardar izini daga alƙali, ba mai gida da 'ya'yansa ba. Ranar miƙa makulli, ɓangarorin biyu su zagaya gidan tare a gaban shaida, su duba bashin wuta da na ruwa, su rubuta abin da ya rage tsakaninsu da ranar da za a biya.