Tsatsar zirkoniyam cikin tururi mai zafi: inda ɗalibai suka fi yin tuntuɓe

Duk ƙarshen zango sai ɗaliban fiziks da injiniyanci a nan Kano su kawo mini rubutun firojet ɗinsu in duba. Masu rubutu kan kuben makamashin nukiliya, wato siririn bututun zirkoniyam da ake jera ƙwayoyin yuraniyam a cikinsa, kusan rami ɗaya suke faɗawa.

Na farko shi ne ɗaukar abin kamar tsatsar kwanon rufi, mai ci a hankali shekara da shekaru. Haka yake idan tukunyar nukiliya na aiki lafiya, ruwa na kusan digiri 300. Amma ruwan sanyaya ya yanke, zafi ya doshi digiri 1,200, labari ya sha bamban. Zirkoniyam zai ƙwace oksijin daga tururi ya saki haidurojin: Zr + 2H₂O → ZrO₂ + 2H₂. Kilo ɗaya na ƙarfen yana ba da haidurojin kusan giram 44, da zafi sama da megajul 6. Wannan zafin ne ake mantawa a lissafi, alhali shi ke ƙara zuga wutar, kamar maƙeri da zugazuginsa. Ku sa shi a lissafin makamashinku. Kuma kada ku rubuta cewa gine-ginen tashar nukiliyar Fukushima ta Japan fashewar nukiliya ce ta tarwatsa su a Maris 2011, haidurojin ne.

Sai ma'auni. Dokar Amurka, 10 CFR 50.46, ta ce kada zafin kube ya wuce 2,200, amma a ma'aunin Farenhait, wato digiri 1,204 na Salshiyas. Na taɓa ganin ɗalibin da ya rubuta 2,200 na Salshiyas, bai lura ba cewa zirkoniyam tsantsa ya narke tun a 1,855. Haka kuma lissafin Arrhenius, mai nuna yadda zafi ke ƙara saurin tsatsa, da ma'aunin Kelbin ake yinsa: 1,473 za ku sa, ba 1,200 ba.

Wasu kuma miƙaƙƙen layi suke ja: minti ɗaya kauri kaza, minti goma sau goma. Ɓawon tsatsar nan kamar ƙanzon tukunya yake, yana kauri yana tare hanya, don dole oksijin ya ratsa shi kafin ya kai ga ƙarfe. Sai lokaci ya ninka huɗu kauri zai ninka biyu. Sai dai kar ku miƙe ƙafa a kan wannan ƙa'ida. A wajen digiri 1,000, idan aka daɗe, ɓawon kan tsattsage, ci ya ƙaru, ƙarfen ya sha haidurojin. Iska mai naitirojin ta fi tururi ɓarna, don haka alƙaluman gwajin tururi ba su shiga lissafin gwajin iska.

Inda na fi jan jan biro shi ne maganar kashi 17 cikin 100, wato iyakar da dokar nan ta sa wa abin da tsatsa za ta ci na bangon kube. Ɗalibi zai auna kaurin ɓawo a hoton madubin ƙara girma, ya raba da kaurin bangon bututu, ya ce ya gama. Ba haka dokar take nufi ba. Tambayar ita ce: duk oksijin ɗin da ya shiga, har wanda ya narke cikin ƙarfe, da a ce ya zama ZrO₂, kashi nawa na bangon zai cinye? Ɓawon ma ya fi ƙarfen da ya ci kauri da kusan sau 1.56. Ƙarƙashinsa akwai shimfiɗar ƙarfe da ake kira alfa wadda ta ƙoshi da oksijin, mai karyewa kamar kasko, sannan shimfiɗar beta ta ciki. Ita beta ce ke riƙe da bututun lokacin da ruwan gaggawa ya watsu a kansa. Idan oksijin da haidurojin suka cika ta, kuben zai fashe ko da ɓawon bai yi wani kauri ba. In kuma bututun ya kumbura ya huje, tururi na cin sa ciki da waje, sai a lissafa fuska biyu.

Faɗi lissafin saurin tsatsa da kuka ɗauka. Na Baker da Just na 1962 yana ba da adadi sama da abin da ake aunawa a digiri 1,200, na Cathcart da Pawel na 1977 ya fi kusa da gwaji. Haɗa su a teburi ɗaya ba bayani, malam zai kama.

Kada kuma ku kira kowane kube Zircaloy kawai, domin gamin zirkoniyam da ake yin kube da shi iri-iri ne. Zircaloy-2 na da nikel, Zircaloy-4 an cire masa shi don rage shan haidurojin, M5 kuwa niyobiyam ne a cikinsa, kusan kashi 1. Mai neman misali na kusa ya dubi tukunyar nukiliya ta NIRR-1 da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya: tun 2018 da aka sauya mata makamashi, kubenta Zircaloy-4 ne, a da kuwa alminiyam. Ƙarama ce ta bincike, kilowat talatin da 'yan kai, don haka kada ku ɗora mata yanayin haɗarin babbar tashar lantarki.