Yadda Za Ku Tsara Kai Ƙaramin Yaro Makaranta Da Ɗauko Shi

Lokacin da 'yata take aji ɗaya na firamare, wata rana na dawo gida bayan la'asar na tambayi mahaifiyarta ina take. Ta dube ni ta ce, "Ba kai za ka biya ka ɗauko ta ba?" Ni a zatona ƙanena ya je, shi kuma ya ɗauka gobe ce ranarsa. Na isa makarantar jikina na ɓari, na tarar da ita a kan bencin maigadi, ta rungume kwandon abincinta, hawaye ya bushe mata a kumatu. Kusan awa uku tana nan, mu kuwa kowa hankalinsa kwance, don kowa na ganin tana hannun wani. Wannan ɗan tsakanin, lokacin da yaro ya bar hannun malami bai shiga hannun iyaye ba, shi ne ya fi bukatar tsari. Ga yadda ake yinsa.

Mataki na farko: ku bi hanyar da ƙafarku

Ku taka daga ƙofar gida zuwa ƙofar makaranta a daidai lokacin da yaron ke bi. Hanyar ƙarfe bakwai na safe daban take da ta dab da magariba, lokacin da 'yan Islamiyya ke tashi. Ku lura da inda ake tsallaka titi, da kwatar da ke cika da damina, da kududdufi, da kangon da ba kowa, da majalisar da ba ku yarda da ita ba. Idan lungu ya fi kusa amma shiru ne, ku zaɓa masa bakin hanya inda masu shago ke zaune, ko da ya fi nisa. Ku gaisa da mutum biyu ko uku a hanyar, mai shago ko mai shayi, ku nuna musu yaron, shi ma ya san inda zai tsaya idan wani abu ya tsorata shi.

Mataki na biyu: ku ƙayyade masu ɗaukarsa, a rubuce

Mutum biyu ko uku sun isa. Ku rubuta sunayensu da lambobin wayarsu, ku kai wa shugaban makaranta da malamar aji, ku kuma kai su ƙafa da ƙafa maigadi ya ga fuskokinsu. Duk wanda ba ya cikin takardar, ko kawu ne ko goggo, ba a ba shi yaro sai makaranta ta kira lambar da ke hannunta ta ji daga bakinku. Idan baƙo ne ya miƙo wayarsa ya ce ga mahaifin a layi, wannan ba shaida ba ce. Ranar da tsari ya canza kuma, wanda zai je ya faɗa da bakinsa cewa ya ji, kuma ya kira idan yaro ya shiga hannunsa.

A nan ne kunya take cutar da mu. Muna jin nauyin kafa wa wanda muka sani sharaɗi, alhali da ɗan gari akan ci gari. Ba wanda ya manta da Hanifa, 'yar shekara biyar a Kano. A watan Disamba na 2021 aka ɗauke ta tana dawowa daga Islamiyya, kuma wanda ya ɗauke ta shi ne mai makarantar bokon da take zuwa. Ya nemi kuɗin fansa naira miliyan shida, ya kashe ta, aka gano gawarta a Janairun 2022, sannan a Yulin shekarar babbar kotun jiha ta yanke masa hukuncin kisa. Allah ya jiƙanta. Fuskar da ta sani ce ta kira ta, shi ya sa ta bi. Don haka ƙa'idar ta hau kan kowa, har malamai: a wajen makaranta, Malam ko Anti ba sa ɗaukar yaro zuwa ko'ina. Malamin kirki ba zai ji haushin wannan ba, shi ma kariya ce gare shi.

Mataki na uku: mai adaidaita sahu

Yawancinmu muna haɗa kuɗi da makwabta mu ɗauki ɗan sahu na wata. Kafin a yi ciniki, ku san gidansa, ku san wanda zai tsaya masa, ku ɗauki hoton lambar da ke jikin abin hawan. Ku yi sharaɗi tun farko cewa ba ya turo yaronsa ko abokinsa sai ya kira. Ku tambaya wane yaro ake fara ɗauka, wane ake saukewa a ƙarshe, domin shi ne ke zama shi kaɗai da direba. Kada a zaunar da ƙanana a gefen direba ko a baki-baki, kuma kada ya ja sai ya ga yaro ya shige gida.

Mataki na huɗu: ku sa wa dawowa lokaci

Idan ana tashi ɗaya da rabi, hanya kuma minti ashirin ce, to ƙarfe biyu in bai shigo ba a ɗaga waya. Mutum ɗaya a gida ya ɗauki wannan nauyin, a san shi da suna.

Mataki na biyar: ku koya wa yaron da kansa

Tambayi ɗan shekara huɗu sunan babansa, zai ce maka "Abba". Ku koya masa cikakken sunansa, da sunan mahaifinsa, da unguwarku, da masallaci ko shagon da ke kusa da gida. Lambar waya kuma ku mayar masa da ita waƙa. Yaron da ya haddace Ƙulhuwallahu zai haddace lamba goma sha ɗaya. Sunansa da lambarku ku rubuta a cikin jaka, kada a bayanta, don kada wani ya karanta ya kira shi kamar ya san shi.

Ku riƙa gwada shi cikin wasa: "Idan wani ya ce Abba ne ya aiko ni, me za ka yi?" Amsar da ake so ita ce ya koma cikin aji inda mutane suke, in an riƙe hannunsa ya yi ihu. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu a kan bin na gaba, kuma abu ne mai kyau, amma sai an faɗa musu ƙarara cewa akwai inda ake ce wa babba a'a. Wurin da wando ke rufewa ba mai taɓawa, ba mai kallo. Duk wanda ya ce "kada ka faɗa wa Umma", to shi ne abin da za a fara faɗa wa Umma. Wannan darasi na maza ne da mata baki ɗaya.

Kuma idan ya dawo, ku saurare shi. Idan kun ga alawa ko naira hamsin da ba ku ba shi ba, ku tambaya cikin sanyi. Yaron da aka daka ranar da ya faɗi gaskiya, gobe ba zai ƙara ba. In ya fara ƙin makarantar da yake so, ko fitsarin kwance ya dawo bayan ya daina, ko ya riƙa maƙalewa idan ya ga wani mutum, kada a ce rigima ce kawai.

Mataki na shida: ku haɗa kai da unguwa

Yaran layi ɗaya su riƙa tafiya ayari, iyaye na karɓa-karɓa wajen rakiya. Ɗan shekara takwas ba zai iya tsallakar da ɗan huɗu babban titi ba, ko da shi ne yaya. A taron iyaye da malamai ku nemi abu uku: ƙofa ɗaya ta fita, littafin da mai ɗauka zai sa hannu, da malami ɗaya da ba ya tafiya sai yaro na ƙarshe ya tafi. Islamiyya ma haka, mai unguwa da limami su shiga maganar.

Idan abin ya faru

Yaro bai dawo ba? Kada a jira gari ya waye. Ɗaya ya nufi makaranta, ɗaya ya bi hanya yana tambaya, ɗaya ya zauna gida da waya. A kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, a gwada lambar gaggawa 112, a yi cigiya a lasifikar masallaci. Ku tanadi sabon hotonsa a waya tun yanzu. In kun sa cigiya a Facebook, ku sani 'yan damfara na iya kira su ce yana hannunsu, don haka kada a tura ko sisi sai da sanin jami'an tsaro.

Idan kuwa ya faɗi cewa wani ya taɓa shi, ku fara da ce masa, "Na yarda da kai, ba laifinka ba ne." Kada a yi masa wanka, kada a wanke kayan, a wuce asibiti. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, a Kaduna akwai cibiyoyin Salama, dukansu don irin wannan aka buɗe su. Za a zo muku da maganar a rufa asiri a sasanta a gida, musamman in mai laifin na jiki ne. Kada ku yarda, domin gobe zai koma layin nan inda sauran yara suke. Ku karɓi takardar likita ku adana, ku rubuta abin da yaron ya faɗa da kalmominsa a ranar, kafin ku tafi wurin 'yan sanda.