Kujerar Yaro a Mota da Jirgi: Inda Muka Fi Yin Tuntuɓe

Yawancin kujerun yara na mota da na gani a gidajen Zariya, tafiya ce ta sa aka saye su. Malami a Samaru ya samu gurbin ƙaro karatu a Ingila, aka gaya masa a can doka ce yaro ya zauna a kujerarsa har ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135, sai ya bazama nema ana saura kwana uku a tashi. Ko kuma za a tafi Umara da goyo. An je an dawo, kujera ta hau saman wadirob tana shan ƙura, yaron kuma ya koma tsayuwa a tsakanin kujerun gaba yana leƙen titi tun daga Kwangila har PZ. Ni ma haka na yi a kan 'yata ta fari, don haka ba wa'azi na zo yi ba.

Wannan kuskuren shi ya haifi sauran. Sau nawa yaro zai hau jirgi a shekara? In ya yi yawa sau biyu. Mota kuwa kullum yana ciki: kai makaranta, kasuwar Sabon Gari, asibitin Shika, gaishe da kakanni a cikin birni. Ko a ranar tafiyar ma, inda ya fi hatsari shi ne titin da zai kai ku filin jirgi. Jiragen kwalejin koyon tuƙi suna ta shawagi a kanmu, amma in fasinja ne kai, sai ka dangana da Kano ko Kaduna ko Abuja. Saboda haka a fara zaɓar kujera don motar gida da yaron da zai zauna a ciki, maganar jirgi ta biyo baya.

Kafin a kai ga saye ma, akwai gardamar da sai an gama da ita a gida. Ranar da za mu ɗauko jaririya daga asibiti, mahaifiyata ta dubi kujerar ta dube ni, ta ce, "Kai, ku takwas na haifa, duk a cinya na ɗauko ku. Wannan kwandon fa?" Na ce, "Hajiya, Allah ya ƙara girma, ai zamanin ba a gudu irin na yanzu." Gaskiyar maganar ita ce, motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa in ta daki wani abu ta tsaya cak, daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, wato bene mai hawa uku. Ba hannun da zai riƙe yaro a wannan lokacin, komai son da ake masa. Wanda ya fi wannan muni shi ne uwa ta zagaye kanta da yaron da bel ɗaya, domin nauyinta ne zai matse shi a jikin bel ɗin. Yadda muka sasanta da Hajiya, ta zauna a baya kusa da kujerar, hannunta a kan jikarta, tana yi mata addu'a har gida.

Shekara ba ma'auni ba ce

Kana shiga shago tambayar farko ita ce, "Alhaji, shekararsa nawa?" Tambayar da ta dace ita ce nauyinsa da tsawonsa. Yara biyu 'yan shekara biyu, ɗaya sai ya fi ɗaya nauyi nesa ba kusa ba. Ranar rigakafi ana ɗora yaro a sikeli, a rubuta a katinsa. Tsawo kuma tef ɗin tela ya isa. Da waɗannan lambobi biyu ake zuwa kasuwa.

A jikin kujerar Turai akwai sitika mai ruwan lemo da harafin E a cikin da'ira. A nan ake rubuta ƙa'idar da aka gwada kujerar da ita. In ka ga R44, da nauyi ake rabawa: ta jarirai har kilo 13, mai bi mata daga 9 zuwa 18, ta manya daga 15 zuwa 36. In R129 ce, wadda aka shigo da ita a 2013 ake kuma kiranta i-Size, da tsawon yaro ake lissafi. Ta Amurka kuma za ka ga an rubuta FMVSS 213, da nauyi da tsawon da ta ɗauka. Kujerar da ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan ko wata shaidar gwaji makamanciyarsu, komai kyan yadinta da taushin katifarta, kujerar zaman falo ce.

Sai maganar gwanjo, wadda ita ce ta fi damuna, domin yawancinmu nan aljihunmu yake kaiwa. Rigar gwanjo in ta yage kana gani. Kujera kuwa lalacewarta a ɓoye take. Masu ƙera su suna yanka musu wa'adi, galibi shekara 6 zuwa 10 daga ranar da aka yi su, kuma ranar tana nan a sitika ko an buga ta a jikin robar ta ƙasa. Juya ta ka duba. Roba tana gajiya, zafi kuma yana gaggauta gajiyar, to ina ga wadda ta gama shekarunta a Turai, ta sha zaman kwantena, ta zo ta yi wata shida a bakin titi ranar Zariya tana dukanta? Sannan ba ka san ko ta taɓa yin hatsari ba, mai sayarwar ma bai sani ba, ko da ya rantse. In dole sai ta hannu, wadda ta fi ita ce ta ɗan'uwa ko abokin da ka san tarihin motarsa. In kuma kasuwa ce, ka yaye rigar kujerar ka duba farin soson da ke ciki ko ya tsage, ka ja igiyoyin ka ga ba su zare ba, ka maƙala maƙullin ka ji ya ce ƙyas, ka kuma nemo littafin bayaninta a intanet da lambar da ke jiki. Kuma kada a jiƙa igiyoyin a bilic wai don a kashe ƙwayar cuta. Tsumma mai danshi da ɗan sabulu ya wadatar.

Juya yaro gaba da wuri

Da zarar yaro ya fara zama sai a juya kujerarsa ta kalli gaba, wai ya ga hanya. Kan jariri ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa, wuyan da ke ɗauke da shi kuwa bai yi ƙwari ba. In yana kallon gaba aka yi karo, igiya ta riƙe jiki, kai ya yi gaba shi kaɗai, wuya ne zai biya. In yana kallon baya, bayan kujerar ne ke tallabe kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. Ƙa'idar R129 ta hana juyawa kafin wata 15, kuma wannan mafi ƙaranci ke nan. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tun 2018 cewa take a bar yaro yana kallon baya har sai ya wuce iyakar kujerarsa. Ƙorafin da aka saba shi ne ƙafarsa ta takure. Yaron da ke wuni a tanƙwashe kan tabarma, wannan ba ya damunsa.

Kujera mai kallon baya ba ta zama a gaba inda akwai jakar iska (airbag) mai aiki, domin in ta fashe kan yaron za ta doka. Hasali ma 'yan ƙasa da shekara 12 baya ne wurinsu, abin da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra suke ta nanatawa ke nan.

Ɗauri

An sayi mai tsada, an aza ta a baya kamar buhun masara. Na sha ganin haka. Hanyar ɗauri biyu ce: da bel ɗin mota, ko da wasu ƙarafa biyu da ke ɓoye a lungun da mazauni ya haɗu da majingina, waɗanda Turawa ke kira ISOFIX, Amurkawa kuma LATCH. Kuskuren shi ne sayen kujerar da sai da ƙarafan take kamawa ba tare da an zura hannu a lungun an laluba ba. A Golf 4 aka fara sa su a 1997, don haka mai Golf 3 kada ya wahalar da kansa. Motocin Amurka na bayan Satumbar 2002 suna da su. In babu, a sayi mai ɗauruwa da bel, ba ta gaza ɗayar ba in an ɗaura ta daidai. Kada kuma a kai wa mai walda ya ƙirƙiro ƙarfe.

Wani abu da ya zama ruwan dare a motocinmu: bel ɗin baya ya nutse ƙarƙashin kujera tun ranar da mai kushin ya sa sabuwar riga, ba wanda ya sake ganinsa. A tono shi. A motocin Amurka da yawa in ka zaro bel ɗin har ƙarshe ka sake shi a hankali, za ka ji yana ƙas-ƙas yana kullewa, wannan shi ke riƙe kujera. Ka danna kujerar da nauyinka kana jan bel ɗin. In ka gama, kama ta daidai inda bel ya ratsa ka girgiza. In ta motsa fiye da santimita biyu da rabi, a sake. Mai kallon gaba tana da igiya ta sama da ake maƙalawa a bayan kujerar mota, mutane suna barinta tana lilo, alhali ita ke rage yadda kai zai yi gaba.

Shi ma yaron ana ɗaure shi sako-sako don tausayi. Gwajin mai sauƙi ne: ka mintsini igiyar a kafaɗarsa, in ta naɗu a yatsunka to ba ta matse ba. Da hunturu, lokacin da sanyin Samaru ke sa a naɗe yara kamar dambu, a cire babbar rigar sanyi kafin ɗauri, a rufa masa bargo daga sama, saboda rigar tana lotsewa a karo ta bar gibi. Da bazara kuma ƙarfen maƙulli yana ƙona fata, a riƙa rufe kujerar da tawul in an ajiye mota a rana. Barin yaro a cikin mota kuwa, ko da "yanzu zan fito" ne a bakin banki, babu shi.

Yaro ya girma, sai a cire shi daga kujera kai tsaye zuwa bel ɗin manya, bel ya bi ta wuyansa, shi kuma ya tura shi ƙarƙashin hammata. Tsakanin nan akwai kujerar ƙarin tsawo, har sai ya kai kusan santimita 145, ya iya jingina bayansa gwiwarsa ta lanƙwashe a bakin kujera, bel ya kwanta a cinya da tsakiyar kafaɗa. Na san mai 'ya'ya biyar da Corolla ɗaya zai yi dariya. A fara da ƙaramin, sauran kowa da bel ɗinsa. Keke da acaɓa kam, ba kujerar da za ta yi aiki a kansu.

Jirgi

A nan na sha kunya. Na ɗauko kujera tun daga Zariya, na yi ta jan ta a filin jirgi, a bakin ƙofa ma'aikaciya ta juya ta sama da ƙasa ta ce, "Yallaɓai, wannan sai dai ta bi kaya." Ba ta da shaidar shiga jirgi. Ta Amurka tana da jan rubutu da ke cewa an amince da ita a mota da jirgin sama, ka nemi kalmar aircraft. Wasu na Turai suna da tambarin TÜV, masu gwajin ingancin kaya na Jamus, mai irin wannan bayani. Ko da tambarin ma, kowane kamfani da ƙa'idarsa, don haka a tambaye su kafin a biya kuɗi, a karɓi amsar a rubuce.

Yaron da bai kai shekara biyu ba ana ba shi tikiti mai rahusa ne saboda a cinya zai zauna. Ba shi da mazauni, don haka ba inda za a aza kujerarsa sai an saya masa nasa. Mutane da yawa sai a filin jirgi suke gane haka. In an saya, gefen taga ake sa ta don kada ta tare wa kowa hanya, kuma ba a layin ƙofar gaggawa ba. Faɗinta kada ya wuce kamar santimita 40. Jirgi bel ɗin cinya kawai gare shi, babu ISOFIX, babu bel ɗin kafaɗa, saboda haka mai kamawa da ƙarafa kaɗai ba ta da amfani a ciki, haka ma ta ƙarin tsawo. Ga yaro mai kilo 10 zuwa 20 akwai wata ɗamara mai suna CARES da ake zagayawa a bayan kujerar jirgi, tana shiga jakar hannu, sai dai ta jirgi ce kawai, ba a amfani da ita a mota.

Akwai kuma tarkon da ba a cika lura da shi ba. Kujerar Amurka za ta iya shiga jirgi lafiya lau, amma in kun sauka a Ingila doka ba ta yarda da ita a mota ba, sai mai harafin E. Haka ta Turai a Amurka. Mai tafiya karatu ya duba ƙasar da zai zauna kafin ya saya.

To ɗaya za a saya ko biyu? A ganina, mai tafiya sau ɗaya a shekara ya sayi wadda ta zauna daram a motarsa, ya bar jirgi ya zo a na biyu. Mai yawan tafiya kuma ya nemi mara nauyi, siririya, mai ɗauruwa da bel, mai tambarin jirgi, don shi zai saɓa ta a kafaɗa ga jaka ga yaro. In za ta bi kaya, a sa ta a kwalinta ko a naɗe ta da bargo a cikin babbar jaka, domin jifa ake yi da kaya, kuma in an sauka a yaye rigar a duba soson kafin a ɗora yaro. A gwada kwance ta da ɗaura ta sau biyu ko uku a gida tun kafin ranar, a kuma ɗauki hoton sitikarta da amsar kamfanin jirgin a waya, saboda a bakin ƙofa ba a jiran mai laluben takarda.